A Bar wa Mai Keke Hanyarsa

A darasin labarin ƙasa mun sha jin sunan Kogin Danube. An koya mana cewa ya taso daga ƙasar Jamus, ya yi tafiyar kimanin kilomita 2,850, ya taɓa ƙasashe 10, sa'an nan ya faɗa Bahar Aswad. Abin da littafin aji bai cika faɗa ba shi ne, a gefen wannan kogi akwai wata 'yar siririyar hanya ta masu keke. A kanta nake so in faɗi ra'ayina. A ganina mutanen ƙasar Ostiriya sun yi hikima da suka bar wa mai keke hanyarsa, domin ƙauyukan bakin kogin sun fi cin moriyar baƙo mai tafiya a hankali fiye da baƙo mai gaggawa.

Sashen hanyar da ya fi suna ya fara daga garin Passau, a bakin iyakar Jamus da Ostiriya, ya ƙare a birnin Biyenna. Tsawonsa kimanin kilomita 320 ne. Jirgin ƙasa yakan cinye wannan nisa a ƙasa da awa 3, amma mai keke yakan ba shi wajen kwana 6, yana yin kilomita 50 ko 60 a yini. Wani zai ce wannan ai ɓata lokaci ne. To, sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Kuma daɗewar nan ita ce ribar tafiyar.

Asalin hanyar ba domin keke aka yi ta ba. Kafin zuwan jirage masu inji a ƙarni na 19, dawakai ne ke jan jiragen kaya da igiya idan za a hau kogin, suna tafe a bakin gaɓa. Da inji ya zo, sai aikin dawakai ya ƙare, turbarsu ta zama kufai. A shekarun 1980 aka shiga gyara ta ana haɗa ta da hanyoyin da ke kan ganuwar tare ambaliya, har ta zama abin da ake gani yanzu. Tun da doki mai jan jirgi ba ya hawan tudu, hanyar ta fito a shimfiɗe. Daga Passau zuwa Biyenna gangarar duka ba ta wuce mita 150 ba, iska kuma galibi daga yamma take busowa, wato tana tura mutum ta baya. Shi ya sa za ka ga tsoho mai furfura da jikansa ɗan firamare suna taka feda tare. Hanyar da ƙarfafa kaɗai za su iya bi, ba ta jama'a ba ce.

Mai tafiya a hankali yana ganin mai daɗi, yana kuma ganin marar daɗi. Bayan an wuce birnin Linz, hanyar takan bi ta gindin tudun Mauthausen, inda 'yan Nazi suka yi sansanin azabtar da mutane daga 1938 zuwa 1945. Rayuka aƙalla 90,000 suka salwanta a can da ƙananan sansanonin da ke ƙarƙashinsa. Mai keke da yawa yakan ratse, ya hau tudun da gumi, ya tsaya ya yi shiru. Na cikin jirgin ƙasa kuwa bai ma san ya wuce ba.

Amma zuciyar tafiyar ita ce kwarin Wachau, tsakanin garin Melk da garin Krems, kimanin kilomita 36 kacal. A ƙofar kwarin, bisa wani dutse, akwai babban gidan 'yan zuhudu na ɗarikar Benedict, waɗanda suke zaune a Melk tun shekarar 1089. Gidajen zuhudu irin wannan ne suka mallaki yawancin garkunan inabin kwarin a zamanin dā, suka kuma sa aka sassare gefen duwatsu aka mai da su hawa-hawa kamar matakala. Kowane hawa an tokare shi da katangar dutse zalla, ba siminti, ba laka. Wanda ya san gonakin tudu na Sukur a Jihar Adamawa zai gane aikin nan da gani ɗaya, kuma Hukumar UNESCO ta sa wuraren biyu cikin kayan gādon duniya, Sukur a 1999, Wachau a 2000. Dutsen yakan sha zafin rana da yini, ya sake shi da dare, inabi ya nuna sosai. A garin Spitz akwai wani tudu da ake yi wa kirari da tudun bokiti dubu, wai saboda yawan ruwan inabin da yake bayarwa a shekarar albarka. A ƙasan kwarin kuma akwai itatuwan wani ɗan itace mai zaƙi da suke kira Marille, mai launin lemu da ƙwallo ɗaya a ciki, wanda yake nuna a watan Yuli.

Sai dai fa noman irin wannan tudu akwai wuya. Tarakta ba ta hawa wurare da dama, da hannu ake yankan reshe, da hannu ake girbi, katanga in ta zube da hannu ake ɗaga ta. Matashi ba zai zauna a ƙauye yana wannan wahala ba sai in tana biya. A nan ne mai keke ya shigo. Mutum mai taka feda tun safe dole yunwa ta kama shi, ƙishi ya kama shi, kuma ba ya iya ɗaukar guzurin kwana 6 a bayan keke. Saboda haka yana sayen burodi a wannan ƙauye, 'ya'yan itace a na gaba, in taya ta yi faci ya nemi mai gyara, da yamma ya kama ɗaki a gidan wani manomi. Tun 1784 Sarki Joseph na Biyu ya ba manoman inabi izinin sayar da abin da suka noma a gidajensu, kuma har yau manomi yakan rataye damin reshen itace a ƙofa, alamar an buɗe, baƙo ya shigo ya ci ya sha. Kuɗin daga aljihun baƙo yake shiga hannun mai gona, ba dillali a tsakani.

Ku kwatanta wannan da manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Fasinjojinsu a cikin jirgi suke kwana, a ciki suke cin abinci. Jirgi ya tsaya a Dürnstein, inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192, sai mutane su kwararo cikin 'yan lungunan garin da mazaunansa ba su kai 1,000 ba, su ɗauki hoto, su koma. Cunkoson na 'yan gari ne, cinikin kuwa ɗan kaɗan.

Na san wasu iyayenmu za su ce, yaya za a yabi hanyar da ta ratsa ƙasar masu yin ruwan inabi? Tambayar tana da tushe. Keke da maye ba sa haɗuwa, dokar Ostiriya ma tana cin tarar wanda aka kama yana tuƙa keke a buge. Amma ba a tilasta wa kowa. A teburin manomin nan akwai ruwan 'ya'yan inabi wanda bai yi tsami ba, akwai na Marille, kuma su ne suka fi dacewa da mai sauran kilomita 20 a gabansa.

Akwai wasu matsalolin na gaskiya. A tsakiyar bazararsu hanyar takan cika maƙil, musamman ta gaɓar arewa inda take kutsawa cikin ƙauyuka, kuma zuwan kekuna masu batir ya ƙara gudu a wurin da aka shirya domin tafiyar sannu. Bugu da ƙari, hanyar bakin kogi ta kogi ce. A ambaliyar 2002 da ta 2013 ruwa ya shanye ta a wurare da yawa, ya shiga gidaje.

Duk da haka, da an bi ta masu gaggawa da yau ba wannan kwari ake gani ba. A farkon shekarun 1970 an shirya gina madatsar ruwa ta samar da lantarki a tsakiyar Wachau, kusa da Rossatz. Da an gina, da kogin ya zama tafki mai kwance a bayan manyan ganuwoyi. Manoman inabi da sauran mutanen kwarin suka kafa ƙungiya a 1972, suka yi ta fafutuka wajen shekara 10, har gwamnati ta janye shirin a farkon shekarun 1980. Ba wai lantarki ba shi da amfani ba ne, Ostiriya tana da madatsu da dama a kan wannan kogi. Amma sun ga akwai wurin da ya kamata a ƙyale. Yanzu Wachau na ɗaya daga cikin wurare 2 kaɗai a ƙasar inda Danube yake gudu yadda ya ga dama.

Saboda ruwan yana gudu, a Spitz da Weissenkirchen har yanzu ana haye kogin da wani irin jirgin fito da aka ɗaure da igiyar ƙarfe wadda aka miƙa daga gaɓa zuwa gaɓa. Matuƙi yakan karkata jirgin kawai, ƙarfin ruwa ya tura shi zuwa ƙetare. Tsakanin Melk da Mautern, dab da Krems, babu gada ko ɗaya, don haka mai keken da cunkoson arewa ya ishe shi sai ya tura kekensa cikin jirgin, ya biya ɗan kuɗin fito, ya koma gaɓar kudu inda garkunan Marille suka fi yawa, mutane kuma suka fi ƙaranci.