AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Duk wanda ya yi sammako a Abakpa Nike, cikin birnin Inugu, ba zai rasa ganin samari 'yan Arewa suna tura kura ko baro layi-layi suna cigiyar tsohon ƙarfe ba. Haka abin yake a Anacha, haka yake a Fatakwal. Su ne 'yan gwangwan, waɗanda wasu ke kira 'yan jari-bola. Da zarar an wayi gari murfin kwalbati ya ɓace, ko an zare rodi daga wani kango, tun kafin a yi bincike an riga an yanke hukunci cewa aikinsu ne. Sai kame, sai kora. A farkon 2025 ma hukumomin Abuja sun hana yawon wannan sana'a a cikin birni.

Ɓarawo dai ɓarawo ne, kuma duk wanda aka kama ya tsinke ƙarfen gada ko na titin jirgi, to, shari'a ta yi aikinta a kansa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ya kamata a tambaya: me ya sa ƙasar da Allah Ya hore wa dutsen tama ta koma gina benayenta da ruɓaɓɓen kwano da mataccen injin mota?

Amsar tana kusa, domin daga Abakpa Nike zuwa Emene tafiya ce kaɗan. A can ne Gwamnatin Jihar Gabas ta zamanin Dokta Michael Okpara ta kafa masana'antar Nigersteel a 1962, kuma da tsofaffin ƙarafa take yin rodi. Watau ke nan abin da ake ƙyama yau, shi ne abincin masana'antar da Inugu ta yi alfahari da ita. Yaƙin basasa ya tsai da ita, aka farfaɗo da ita, daga baya ta sake durƙushewa ta shafe shekaru masu yawa a rufe.

Gwamnatin Tarayya kuwa ta ɗauko abin da girma. A 1971 aka kafa hukumar raya sana'ar ƙarfe ta ƙasa. A 1979 aka rattaba hannu da Tarayyar Sobiyat a kan ginin Ajakuta, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980, da nufin fitar da tan miliyan 1.3 a shekara tun a matakin farko, har da manyan ƙarafan da ke ɗaukar nauyin gada da rumfunan masana'antu. A 1982 aka buɗe masana'antar Aladja kusa da Warri, mai ƙarfin tan miliyan 1. Aka kuma gina kamfanonin mulmula ƙarafa guda 3, a Katsina da Jos da Oshogbo, kowannensu da ƙarfin tan 210,000 a shekara. Shirin shi ne Aladja ta narka ƙarfe ta aika musu da curinsa, su kuma su mulmula rodi su raba wa kowane sashe na ƙasa, kowa ya saya kusa da gida.

A takarda shirin ya yi kyau. Sai dai an sayi doki ba a tanadi linzami ba. Tsakanin Aladja da Katsina akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, kuma babu titin jirgin ƙasa da ya haɗa su, saboda haka a bayan tirela aka riƙa jigilar curin ƙarfe, kuɗin mota ya hau kan farashin rodi. Tamar da ke Itakpe ba ta da hanyar isa Aladja, sai aka riƙa sayo tama daga Laberiya da Barazil. Titin jirgin da aka fara a 1987 don haɗa Itakpe da Ajakuta da Warri, sai a 2020 aka buɗe shi, bayan shekara 33, lokacin da masana'antun da aka yi shi dominsu sun riga sun yi sanyi. Babban tanderun narka tama na Ajakuta kuwa, ko sau ɗaya ba a taɓa hura masa wuta ba.

Daga nan sai aka shiga cinikin gawa. A 2004 aka danƙa Ajakuta ga wani kamfani na Indiyawa, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya soke yarjejeniyar a 2008, aka shiga shari'a, har a 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince ta biya dala miliyan 496 don a kashe maganar. Kamfanonin Katsina da Jos da Oshogbo da Aladja aka sayar da su ga 'yan kasuwa daga 2005. To, a kawo sikeli a auna: murafen kwalbati nawa za a sace kafin su kai dala miliyan 496? Babu ɗan gwangwan ko ɗaya da ya sa hannu a waɗannan takardu.

Yau rodin da ake sauke wa a kasuwar Bakin Gada ta Anacha da shagunan Inugu da Fatakwal, yawancinsa daga kamfanoni masu zaman kansu yake fitowa, musamman na Ikorodu da Ogijo a yankin Ikko, kuma tsohon ƙarfe suke narkawa. Manyan ƙarafan gini da faranti kuwa akasari daga ƙasashen waje ake shigo da su ta tashoshin jiragen ruwa. Ke nan ƙarfen da yaro ya tsinto a Abakpa Nike sai ya hau tirela ya haye Kwara zuwa Ikko, a narka shi, ya sake hawa tirela ya dawo Inugu da sunan rodi. Yaron da ya sayar da shi a kan kuɗin kilo, ɗan'uwansa ɗan dako ne zai sauke shi, wani ɗan'uwan kuma lebura ne a ƙarƙashin benen da za a gina da shi. Kowa ya ci riba a hanya, ban da su.

Ga kuma wata cuta da ba a kama kowa da duka a kanta. Rodi mai kaurin milimita 12 da tsawon mita 12, nauyinsa ya kamata ya kai kilo 10 da rabi da 'yan kai, watau kimanin sanda 94 a tan guda. In aka rage kaurin ya koma milimita 11, naman ƙarfen ya ragu da kashi 16 cikin 100, alhali ido ba zai gane ba. Mai sayar da irin wannan ya fi ɓarawon kwalbati ɓarna, domin ranar da gini ya rufta, lebura ake fara tonowa.

Abin da ya kamata a yi a fili yake. Gwamnatocin jihohin Inugu da Anambara da Ribas su yi wa 'yan gwangwan rajista, su ba su katin shaida ta hannun sarakunan Hausawa da shugabannin sana'ar, su ware musu filin ciniki. A tilasta wa dillalai da kamfanonin narka ƙarfe su rubuta inda kowane lodi ya fito, gama idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta shiga kasuwannin rodi da sikeli a hannu. Ma'aikatar Raya Ƙarafa da aka ƙirƙiro a 2023 ta faɗa wa jama'a ranar da tanderun Ajakuta zai kama wuta. Titin jirgin Gabas kuma, wanda ya haɗa Fatakwal da Inugu tun 1916, a mai da shi hanyar dakon kaya har Jos da Maiduguri.

Su ma 'yan Arewa mazauna Kudu akwai nasu aikin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shugabanninsu su hana sayen kayan da ba a san asalinsu ba, su miƙa ɓata-gari ga hukuma da hannunsu, don wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wanda ya tsarkake rumfarsa shi ke da bakin tambayar manya inda ƙarfen ƙasa ya tafi. Allah Ya sa masu kunne su ji.