"Wace iri zan saya?" Amsarmu ga matasan Buza a kan sigarin lantarki



Makon da ya wuce, cikin shirinmu na matasa na dare, wani saurayi ya kira. Bayan gaisuwa sai ya ce: "Malam, abokina ya komo daga Abijan da wata sigari da ake ma caji kamar salula. Ba wuta, ba toka, sai ƙamshin mangwaro. Ya ce iri-iri ce. Ni sabon shiga ne, wace ta kamata in saya?" Munka ce masa: "Ƙanena, kara nawa kake sha a rana?" Ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa sa sigari a baki ba, wannan ɗin ce dai ta burge shi tunda an ce ba ta da illa. Lokacin shiri ya ƙare ba mu gama da shi ba. Tun daren nan tambayar ke ci mana rai, don mun san ba shi kaɗai ba ne. Abin ya fara shigowa cikin jakar 'yan bida da ta ɗalibai masu zuwa hutu daga Yamai, ana zagaya shi hannu zuwa hannu a fada kamar kofin shayi.

Bari mu fara da abin da ke cikinta. Wani mai haɗa magani ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin wadda ake sha yanzu a shekarar 2003, kuma har yau mafi yawanta a birnin Shenzhen ake ƙera ta. Abu huɗu ne a ciki: batir irin na salula, 'yar wayar ƙarfe da ke zafi wadda ake ce ma rezistans, auduga, da ruwan da ake turarawa. Ruwan nan haɗi ne na gilisarin da wani sinadari mai kama da shi, da kayan ƙamshi, da nikotin. Nikotin ɗin nan shi ne dai wanda ke cikin taba sigari da garin tabar da tsofaffinmu ke sa wa a baki da kanwa, shi ne ke kama mutum ya kasa bari. Don haka mai cewa "ai tururin ruwa ne kawai" bai san abin da yake zuƙa ba.

A kasuwa iri uku za ka tarar. Akwai ta sha-ka-yar, wadda Faransawa ke kira puff: tana zuwa cike, in ta ƙare a jefar. Akwai 'yar ƙarama mai caji wadda ake canza ma kai ko a zuba mata ruwa. Akwai kuma babba mai kamar akwati, mai maɓallai, mai fitar da hayaƙi kamar an kunna ma kara wuta.

To wace za a saya? Mu a ganinmu masu wannan tambaya biyu ne, amsarsu kuma ba ɗaya ba ce.

Wanda bai taɓa shan sigari ba, kamar ƙanenmu da ya kira, amsarsa gajera ce: ko ɗaya. Babu irin da ta dace da kai. Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar mutum na ci gaba da ginuwa har wajen shekara 25, kuma nikotin ya fi saurin kama wadda ba ta gama nuna ba. Kana da huhunka lafiya lau, da kuɗinka a aljihu, sai ka je ka sayo ma kanka ubangida wanda zai riƙa tashe ka da asuba yana neman nasa? Ku lura da wani abu guda: ƙasar Sin da ke ƙera ta, tun watan Oktoba na 2022 ta hana sayar da mai ƙamshin 'ya'yan itace a cikin gida, sai mai ɗanɗanon taba kawai. Mai mangwaro da kankana waje ake fitar da ita. In mai tuwo ya ƙi ba ɗiyansa, kai baƙo sai ka yi tunani kafin ka sa hannu.

Na biyu shi ne wanda ya shekara goma yana shan pake guda a rana, tari ya dame shi, ya gwada bari ya kasa. Wannan ba za mu yi masa ƙarya ba. A Ingila hukumar lafiyarsu ta yarda cewa ga babban mutum mai shan sigari, komawa ga ta lantarki gaba ɗaya ya fi sauƙin illa bisa ga ci gaba da hayaƙin taba, ko da yake ba ta ce babu illa ba. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ba ta ba gwamnatoci shawarar ɗaukar ta a matsayin maganin barin taba ba, kuma a watan Disamba na 2023 ta yi kira da a tsananta doka a kanta saboda yara. Amma fa a Ingila akwai mai duba abin da ke cikin kwalba kafin ta shiga kanti. Mu nan wa ke dubawa? Shi ya sa in har ka ƙudurta, ga abin da za ka lura da shi kafin ka fidda jikkunanka.

Na farko, karanta adadin nikotin a jikin kwali. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda ya wuce miligiram 20 cikin kowane mililita ba, wato 2%. Da yawa daga cikin puff da ke yawo a wajen Turai an rubuta musu 5%, wato miligiram 50, ninki biyu da rabi ke nan. Kamfanin Juul na Amurka da bakinsa ya ce ɗan kansa guda mai mililita 0.7 a 5% ya yi daidai da paken sigari mai kara 20. Ku yi lissafi da kanku: mai mililita 10 ta kai wajen pake 14. Ita sigari in kara ya ƙare ka san ka sha guda. Wannan ba ta da ƙarshen da za ta tsayar da kai, kana kwance kana zuƙa har barci. Wadda ba a rubuta komai a jikinta ba kuwa, ko kyauta ce kada ka karɓa.

Na biyu, ka guji sha-ka-yar. Beljiyam ta hana ta ranar 1 ga Janairu 2025, Faransa ta bi a watan Fabrairu, Birtaniya kuma ranar 1 ga Yuni na 2025, saboda jan hankalin yara da kuma shara. Kowace guda da batir a cikinta. Mu nan ina za ta ƙare? A juji. Jujin nan shi ake cinna ma wuta, batir ya fashe. Shi ne kuma ake kwasa a amalanke a kai gona taki.

Na ukku, tambayi kanka ina za ka samu kayan canji. Rezistans ba ta daɗewa, mako ɗaya zuwa ukku ta ƙone, kuma kowace iri da nata. In ta ƙone kana ci gaba da zuƙa, audugar da ta babbake kake sha. In sai an aiko maka daga Yamai ko Sakkwato, ranar da ta mutu ƙarfe goma na dare, teburin mai sigari za ka koma. Don haka babbar nan mai maɓallai ba ta sabon shiga ba ce, ba kuma ta ƙauye ba ce.

Na huɗu, batir da zafinmu. Watan Afrilu da Mayu kowa ya san yadda rana ke wuce digiri 40 a Adar. Kada a bar ta cikin akwatin moto ko bisa kwano, kada a sa ta aljihu ɗaya da makulli da silalla, kada a kai ta caji a manta da ita. In ta kumbura ko ta yi zafi a hannu, rabu da ita.

Na biyar, ruwan. Kada ka sayi wanda aka ɗura a kwalbar da ba suna, kada kuma ka yarda wani ya ce zai "ƙara mata ƙarfi". A Amurka, daga 2019 zuwa Fabrairun 2020, mutum sama da 2,800 sunka kwanta asibiti da ciwon huhu, 68 sunka rasu, akasari saboda ruwan wiwi na bayan fage da anka gauraya da wani mai. Sannan a ɓoye kwalbar nesa da yara: ƙamshinta na alawa ne, amma in ƙaramin yaro ya kurɓa guba ce.

Abu mafi girma shi ne niyya. In za ka sha ta lantarki a fada, ka sha ta kara a gona, ba ka bar komai ba, an gudu gara an faɗa gidan zago. Ranar da ka saye ta, ranar za ka sa lokacin da za ka aje ta. Kafin nan ma, taka zuwa CSI ko asibitin gunduma ka zauna da majo, ka gaya masa kara nawa kake sha, a auna hawan jininka. Mace mai ciki da mai ciwon zuciya kuwa, su ba nasu ba ne ko kaɗan.

Saura magabata. Nijar na da dokar yaƙi da taba, mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana tallar taba da shan ta a wuraren taruwar jama'a. An rubuta ta tun ba mu san da wannan na'ura ba. Muna roƙon hukumomin lafiya su fito su yi ma jama'a bayani dalla-dalla a kan matsayinta, magadan gari da sarakunanmu su ja kunnen masu butik kada su sayar ma yaro. Malaman kolej da lise da iyaye, ku san kamarta: wata kamar biro take, wata kamar kile ta kwamfuta, kuma ba ta barin wari a riga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙanenmu da ya kira, in kana karanta wannan, jikkunan da ka tara ka sayi ɗan akuya ka ɗaure. Zuwa Sallah sai ka sake kiran mu ka faɗa mana wanda ya fi riba, kai ko abokinka.

Wanda ya taɓa gwada ta, ko ya bar sigari ta wata hanya, ya ba mu labarinsa a ƙasa, za mu karanta a shiri mai zuwa ba tare da ambaton suna ba. Allah ya ba mu lafiya, ya shirya mana zuri'a.