Idan Aka Rufe Shafin Ciniki, Wa Za A Kai Wa Kuka?

Duk mai sana'a ta waya ya san wannan labari, in bai faɗa kansa ba to ya faɗa kan maƙwabcinsa. Mace ce mai sayar da atamfa da leshi, ta shekara da shekaru tana tara mabiya a dandalin sada zumunta. Ta nan odar biki ke shigowa, ta nan mutanen Kaduna da Abuja ke turo kuɗi a ɗora musu kaya a mota. Wata safiya sai ta wayi gari an rufe shafin, wai ya saɓa ƙa'ida. Wace ƙa'ida? Oho. Ta ɗaukaka ƙara, aka ce ta ɗauki bidiyon fuskarta tana juya kai hagu da dama. Ta yi. Aka ce ta jira.

Lambar da za a kira babu, ofishin da za a je a yi sallama babu. Saƙo goma, amsa iri ɗaya, ita ma inji ne ya rubuto ta. Kafin mako ya zagayo 'yan damfara sun shinshino, kowa na rantsuwa yana da ɗan'uwa a cikin kamfanin, a turo kuɗi kawai. Ga mari ga tsinka jaka.

Mutane kan ɗauka sakaci ne, alhali lissafi ne. Kamfanin da mutum sama da biliyan 3 ke amfani da manhajojinsa ba zai ɗauki ma'aikatan da za su saurari kowa ba, musamman da yake kuɗinsa daga masu talla yake fitowa. A 2023 wannan kamfani, wato Meta, ya fito da tsarin Meta Verified, wanda ake biya duk wata, kusan dala 12 a Amurka lokacin da aka fara shi. Cikin abubuwan da aka yi wa mai biya alkawari har da samun ɗan Adam da zai amsa masa. Wato jin muryar mutum ma ya shiga jerin kayan sayarwa.

Shi kuwa injin da aka ajiye a bakin ƙofa, ba kullum yake faɗin gaskiya ba. A 2022 wani fasinja a Kanada da kakarsa ta rasu ya tambayi injin hira na kamfanin jiragen Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza. Injin ya ce ya sayi tikiti, daga baya ya nemi a mayar masa da rarar. Da ya nema kamfanin ya ƙi, har ya kafa hujja da cewa injin ne ke da alhakin maganarsa. A watan Fabrairun 2024 kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia ta yi watsi da wannan hujja, ta sa aka biya shi kimanin dalar Kanada 812. Ya yi nasara, amma bayan fiye da shekara guda yana zarya. A Najeriya akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Tara ce mai tsoka, sai dai ba ita za ta buɗe shafin mai atamfa kafin bikin Asabar ba.

Ko ba a rufe wa mutum shafi ba, dandalin kansa na iya ɓacewa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa 6. A shekarar ce kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni, ba a sake shi ba sai Janairun 2022. Google+ kuwa rufe shi aka yi ɗungurungum a 2019.

Shi ya sa koyon gina shafin kai ya wuce a ɗauke shi wasan 'yan boko. Mai ciniki a dandali ɗan haya ne da ba a ba shi takarda ba, mai gida na iya sauya kwaɗo cikin dare. Mai shafin kansa yana da fili, ko da taku huɗu ne.

Kuma abin bai kai wuyar da ake tsoro ba. Ana buƙatar suna, irin mai ƙarewa da .ng ko .com.ng da ƙungiyar NiRA ke kula da su, wanda ake sabuntawa duk shekara. Ana buƙatar inda za a ajiye shafin, sai kuma abin da za a zuba a ciki. Matashin da ya zauna da yamma da tsohuwar kwamfuta zai iya rubuta layi goma na HTML, ya adana da sunan index.html, ya danna, ya ga sunan shagon mahaifiyarsa ya fito ɓaro-ɓaro. Zai manta alamar rufewa guda ɗaya, rubutun duka ya kumbura, ya yi rabin awa yana lalube. Zai ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma wasu tarkace, sai ya gano layin UTF-8 ne bai sa a sama ba. A irin wannan kuskuren hannu ke faɗawa. Wanda ba ya son wannan wahala yana da WordPress, wadda ta fito tun 2003, kuma a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. GitHub Pages na ajiye ƙaramin shafi kyauta, freeCodeCamp na koyarwa kyauta, ga kuma shirin koyar da fasaha na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023.

Sai dai kada a yaudari kowa. Shafi ba ya kiran kwastoma, jama'a na can dandali, can za a ci gaba da zuwa a nemo su. Yawancin darussan da Turanci suke, wuta ba ta zama, kuɗin data kuma ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Kamfanonin ajiye shafi su ma akwai kurame a cikinsu. Bambancin shi ne, wanda sunan shafi ke hannunsa kuma yana da kwafin kayansa a ajiye zai iya tattarawa ya koma wani kamfanin, adireshinsa bai canja ba. Mabiyan dandali kuwa ba a ƙaura da su.

Inda 'yan kasuwa suka fi yin asara shi ne wajen rajistar sunan. A kira wani yaro a ce ya haɗa shafi, shi kuma ya yi rajista da imel ɗinsa da lambarsa. Shekara ta zagayo, yaro ya tafi bautar ƙasa, ya sauya layi. Saƙon sabuntawa na zuwa akwatin da babu mai buɗewa, sunan ya faɗi, wataƙila ma wani ya saye. Ga adireshin an buga a leda da rasit da allon shago.

Ba dole ba ne Hajiya ta iya HTML. Abin da ya zama dole shi ne rajista ta kasance da sunanta da imel ɗinta, kalmar sirri na hannunta, ranar sabuntawa na rubuce a littafin ciniki tare da lambobin kwastomomi. Wannan darasin awa biyu ne, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin na Kantin Kwari da cibiyoyin koyar da kwamfuta na unguwanni za su iya shirya shi da Hausa, a ranar da babu kasuwa.