Ba Sanyi Ba Ne, Jijiya Ce Ke Mutuwa

Daga Burumburum har Doguwa, duk wanda ya ce tafin ƙafarsa na ƙuna da dare kamar ya taka garwashi, ko yana jin kiyashi na yawo a yatsunsa, amsa ɗaya yake samu: sanyi ne. Sai a miƙa masa gorar jiƙo. Kalmar nan ta zama bargon da muke lulluɓe jahilcinmu da shi.

Jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa. Mafi tsawo ke fara mutuwa, shi ya sa abin ke somawa daga yatsun ƙafafu biyu, ya hauro wajen gwiwa kafin ya taɓa hannu. Ciwon suga ne kan gaba wajen haddasa shi. Kusan rabin masu ciwon kan gamu da wannan. Babban haɗarin kuwa sai raɗaɗin ya lafa, an ɗauka jiƙo ya yi aiki. Manomin masara ya taka ƙaya bai ji ba, rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa.

Kuturta ma haka take lallaɓowa, da tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta, na wata 6 ko 12, ga kuma asibitin Yadakunya a Kano. Sai dai magani ba ya tayar da jijiyar da ta riga ta mutu.

Laifin har da mu 'yan boko. Mukan tura wa iyaye kuɗin jiƙo daga birni, alhali gwajin suga ɗigon jini ɗaya yake bukata.