Kacici-kacicin Zanen Shafin Baya

Malam Edita,

Ina yaba muku kan zanen da kuka buga a shafin baya, wanda kuka ce sunayen waƙoƙi uku na ɓoye a cikinsa.

Na farko bai ba ni wuya ba. Kare zaune a kan babbar mota, ga kuntigi rataye a gefe, ai wannan "Karen Mota" ce ta Ɗanmaraya Jos, waƙar da ya yi wa yaran direbobi. Dokin da guguwa ta lulluɓe kuwa "Dokin Iska" ne na Narambaɗa.

Na ukun ne ya sa mu muhawara a majalisarmu. Mai zanen ya ɗora ƙoƙon abinci a kan wata, ya rubuta 11 a gindinsa. Matasan cikinmu suka yi ta lalube, domin kumbo a wurinsu jirgin sama jannati ne kawai. Wani dattijo ya tuna mana cewa tun kafin jirgin, kumbo mazubin abinci ne. Nan take muka gane waƙar Mamman Shata ce ta kumbon Apollo 11, wanda ya kai 'yan Amurka duniyar wata a 1969. Daren nan sai da muka nemo waƙar muka saurara tare.

Ina roƙon a ci gaba da wannan shafi, a kuma sako makaɗa mata irin su Barmani Choge. Idan za a zana "Bakandamiya", a nuna ta wa ake nufi, domin Shata da Narambaɗa kowa yana da tasa.

Mai karatunku,
daga Gusau