Kuɗin Jami'a da Harajin Amurka

'Yan'uwa, akwai wata magana da ke yawo a gidajenmu, wai a Amurka gwamnati tana mayar wa iyaye kuɗin jami'a. Kada kowa ya sayar da gona ko shanun noma a kan wannan zance sai mun warware shi tukuna.

Ga yadda abin yake. Tun shekarar 2009 dokar Amurka ta ba da rangwamen haraji ga mai biya wa ɗalibi kuɗin karatu. Idan ya kashe dala 2,000 na fari, za a rage masa dukansu daga harajinsa. Dala 2,000 na biye kuwa, rubu'i kaɗai za a rage. Iyakar abin dai dala 2,500 ne a shekara ga kowane ɗalibi, na shekara huɗu na fari. Ya shafi kuɗin makaranta da littattafai, amma ban da ɗakin kwana da abinci, waɗanda kowane uba ya san nauyinsu. Akwai kuma wani rangwamen da dokar 1997 ta kawo, na dala 2,000 ga gida ɗaya, domin mai ƙarin ilimi ko da ya manyanta.

To, mu lura. Sai ka biya tukuna, ka adana takardar shaida daga makaranta, sa'an nan ka nemi rangwame lokacin cika takardun haraji. Talakan da ba a binsa haraji, abin da zai karɓa a hannu ba ya wuce dala 1,000. A ganinmu nan ne dokar ta gaza, gama wanda ya fi bukata shi ne ya fi samun kaɗan.

Abin da ya fi shafarmu shi ne wannan: yaron da ya tafi daga Jos ko Maraɗi da bizar ɗalibi, bisa ga al'ada baƙo ne a idon hukumar harajinsu har shekara biyar, ba ya cikin masu samun rangwamen. Mu iyaye da ke biyan haraji a gida balle fa. Ubangiji ya yi zancen mai gina hasumiya da ya fara zama ya yi lissafi. Lissafin nan namu ne mu yi.

Amma in kuna da ɗan'uwa mazaunin can mai 'ya'ya a jami'a, ku rubuta masa ya bincika, kada hakkinsa ya wuce shi don rashin tambaya.