A san cutar da sauro ke ɗauke da ita tun ba ta faɗa wa garke ba

Duk sanda aka yi maganar kashe kuɗi wajen kama sauro a bakin tabki don a binciki ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, sai wasu su ce ɓarna ce, ga bisashe na jiran allurar rigakafi. Na fahimci damuwarsu, domin kasafin lafiyar dabbobi ba ya isa. Amma ni a ganina wannan bincike ma rigakafi ne.

Mu tuna shekarar 2016 a jihar Tawa. Zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankunan Cintabaradan da Tasara, bisashe suka yi ta ɓari, ƙananansu na mutuwa, mutane fiye da 30 suka rasa rayukansu. Sai da aka aika da jini cibiyar Pasteur ta Dakar aka tabbatar da cutar. An iya gane ta ne domin tun farkon shekarun 1930 masu bincike a Kenya suka ware ƙwayarta daga tumaki, suka san halinta.

To, ina ga ƙwayoyin da ba a riga an san su ba? An gano Zika a Yuganda a 1947, ba wanda ya damu da ita sai da ta addabi Burazil a 2015. An samo ƙwayar Ngari a jikin sauro a Senegal a 1979. Daga baya aka gan ta a jinin masu zazzaɓi mai sa zubar jini a Kenya da Somaliya, sannan a jikin awaki a Muritaniya. Muritaniya kuwa Sahel ce irin tamu, da irin kiwonmu.

Aikin kansa ba boyayye ba ne. Ana kafa tarko da dare kusa da garke ko mashaya, a ware sauron jinsi-jinsi, a niƙa, a karanta tsarin halittar ƙwayoyin da ke ciki, a gwada da waɗanda aka sani. Gaskiya ne da yawa daga cikin sababbin da ake samu sauro kaɗai suke kamawa, ba sa cutar da mutum ko dabba. Sai dai ba a rarrabe mai illa da marar illa sai an duba.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, a ƙarfafa CERMES da LABOCEL a Yamai da kayan aiki da ma'aikata, don kada kowane samfuri ya jira jirgi zuwa waje. Na biyu, a sa makiyaya cikin aikin. Su suka san tabkin da sauro ke yawa bayan ruwan damana, su ke fara ganin tumaki na ɓari jere da juna. Kiran waya guda daga ruga zuwa ga malamin dabbobi zai iya nuna wa masu bincike inda za su kafa tarko.

Kafin nan, makiyayin da ya ga ɓari ya yi yawa a garkensa ya kai rahoto da wuri, kada ya taɓa ɗan tayi ko mahaifa da hannu tsirara, kuma a tafasa madara kafin a sha.